BABI NA BIYU: YADDA HAUSA TA ZAMA HARSHEN ZANGO A ƘASAR GANA

2.0 Shimfiɗa

Duk wanda ya shiga unguwar Nima a birnin Ankara, ko tsohon zangon Kumasi, zai ji Hausa a bakin yaro da babba, a masallaci da kasuwa da bakin famfo. Amma da za a tsare masu maganar ɗaya bayan ɗaya a tambayi asalinsu, kaɗan ne za su ce su Hausawa ne. Wani zai ce shi Moshi ne, wani Bazabarme, wani Kotokoli, wani kuma iyayensa daga Dagomba ko ƙasar Gurunshi suka fito. Abin mamaki a nan shi ne, ƙasar Gana ba ta yi iyaka da ƙasar Hausa ba, Hausawa ba su taɓa mulkinta ba, kuma ba su taɓa rinjayar kowa da yawa a cikinta ba. Wannan babi zai bi diddigin yadda harshen ya sami wannan matsayi. Za a ga cewa Hausa ta yaɗu a can ne a matsayin harshen da baƙo yake magana da ɗan'uwansa baƙo, kuma wannan matsayi da ya buɗe mata hanya shi ne daga baya ya zame wa masu magana da ita abin tuhuma.

2.1 Fataken Gwanja

Goro shi ne ya fara kai Bahaushe wannan yanki. Itacen goro ba ya yi a ƙasar Hausa, sai a kurmi, kuma irin wanda Hausawa suka fi so a dazuzzukan ƙasar Asante yake, wato mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Ko da yake ita kanta masarautar Gwanja sai a ƙarni na 16 aka kafa ta, saboda haka ana jin marubucin ya yi amfani ne da sunan da ya tarar a zamaninsa. Ko ma dai yaya ne, cinikin ya daɗe. Sai dai bai bunƙasa sosai ba sai a ƙarni na 19, kuma dalilai biyu ne suka haɗu. Bayan jihadin 1804 an tsananta hana giya a Daular Sakkwato, goro kuwa halal ne, sai buƙatarsa ta ƙaru. Su kuma Tonawa, da Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, sai suka ƙara mai da hankali ga kasuwannin arewa.

Kasuwar da aka fi haɗuwa ita ce Salga, a ƙasar Gwanja, wadda a lokacin take ƙarƙashin Asante. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya biyo ta Jugu ko ta Yandi, sannan ya faɗa Salga. Tafiyar takan ci wata biyu zuwa uku kafin a isa, ban da zaman ciniki da komowa. Ana kai kanwa da turkuɗi da riguna da kayan fata da dabbobi, har da bayi, a komo da huhunan goro a kan jakuna. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba, ga kuma malamin da ke duba ranar tashi yana riƙe da lissafi. Duk inda ayari ya sauka ya kwana, nan ne zango. Kalmar da a yau take nufin unguwar Musulmi baƙi a kowane gari na Gana, asalinta ke nan.

Wanda ya fi kowa muhimmanci ga tarihin harshe a cikin wannan tsari shi ne maigida, wato mai masauki. Falke yakan zo ya koma, shi kuwa maigida zaunanne ne. Shi ke saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu idan za a ba da bashi, kuma shi ne tafinta tsakaninsu da 'yan ƙasa. Dole ke nan ya iya harshe fiye da ɗaya. Galibi yakan auri 'yar gari ko ya ajiye ƙwarƙwara, gidansa kuma cike yake da barori da bayi waɗanda aka kamo daga ƙabilu dabam-dabam, ba mai jin harshen wani. A irin wannan gida harshen maigida da baƙinsa shi ne kowa zai kama, domin da shi ake aike, da shi ake ciniki, da shi ake faɗa. 'Ya'yan da aka haifa a ciki sukan tashi da harshen uwa da kuma Hausa. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Kafin zuwan Hausawa da yawa, Wangarawa ne ke riƙe da fatauci a yankin, harshensu ne kuma na ciniki. A ƙarni na 19 Hausa ta ture shi a Salga da garuruwan gabas, amma a yamma, wajen Bonduku, harshen Wangarawa ya ci gaba da zamansa. A Jugu da wasu garuruwan Bargu kuwa Dandanci ne ya riƙe kasuwa. Wannan ya nuna harshen ciniki yana bin wanda ya fi kawo kaya ne a kowace hanya.

Akwai wani abin lura game da su kansu fataken. Lovejoy (1980) ya nuna cewa rukuni uku ne suka mamaye cinikin goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga cikin Buzaye suke, Kambarin Barebari kuma daga Barno. Ashe ke nan waɗanda suka ɗauki Hausa suka kai ta Gwanja, su ma kakanninsu koyonta suka yi. A ƙasar Hausa harshen ya haɗiye su har sun zama Hausawa, ba mai yi musu gori. Alhasan Ɗantata (1877-1955), wanda aka haifa a Bebeji, daga zuriyar Agalawa yake, ya kuma yi zama a Ankara yana safarar goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko kafin ya dawo Kano. Za a ga nan gaba cewa a Gana abin bai bi wannan hanya ba.

2.2 Watsewar Salga

A 1874 sojojin Ingila suka ci Kumasi suka ƙone ta. Gwanja ta yi amfani da wannan dama ta ɓalle daga Asante, su kuma Tonawa suka rama ta hanyar karkatar da goro zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. Salga ta fara ja da baya. Sai kuma a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, garin da ke mulkin Salga, aka watsa garin. Fatake da malamai suka bazu, wasu Kete-Karachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu har bakin teku. Abin da ya kashe kasuwa ɗaya shi ya haifi zanguna masu yawa, kowanne da Hausarsa.

Daga cikin waɗanda wannan yaƙi ya tasa akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya yi karatu a Sakkwato, ya zauna a Salga, daga bisani ya zama limamin Kete-Karachi har rasuwarsa a 1934. Ya yi rubuce-rubuce da Larabci da kuma Hausa cikin ajami, waƙa da zube, ya yaye ɗalibai da suka bazu cikin ƙasar. Shi ne ya taimaka wa Bajamushe Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Haka nan tatsuniyoyi da labaran da R. S. Rattray ya buga a 1913, wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa su da ajami a wannan ƙasa. Ke nan wani kaso mai tsoka na tsofaffin rubuce-rubucen Hausa na zube, a wajen ƙasar Hausa aka yi shi, abin da ɗaliban adabi ba su cika kula da shi ba.

A can arewa kuma, tun daga wajen 1860 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari da Babatu suka riƙa kai hare-hare ƙasar Gurunshi suna kama bayi, suna kuma shigar da samarin yankin cikin rundunarsu. Tarihin waɗannan yaƙe-yaƙe da wani Malam Abu ya rubuta wajen 1914, da Hausa ya rubuta shi, ba da Zabarmanci ba.

2.3 Bariki da Leburanci

Hanya ta biyu da Hausa ta bi ita ce ta soja. A 1863 Kyaftin John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko daga cikin bayin da suka gudo, yawancinsu masu jin Hausa. An kai su yaƙin Asante na 1873-1874, kuma a 1879 aka kafa wa ƙasar tata rundunar a kan wannan tsari, ana kiran 'yan cikinta Hausawa. Sunan ya zauna, amma mutanen sun canza. Ba a daɗe ba yawancin masu shiga soja suka zama 'yan Gurunshi da Moshi da Dagarti da Farafara da Zabarmawa. Tun da ba mai jin harshen wani, kuma saje da kofur da Hausa suke ba da umurni, sai ta zama harshen bariki. Hafsoshi Turawa ma sai da aka sa su koyonta. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu (1939-1945) ne aka juya ga Ingilishi sosai. Sojan da ya gama aiki sau da yawa ba ya komawa ƙauyensu, sai ya sami aikin gadi ko ɗan doka a birni, ya zauna a zango da iyalinsa.

Wannan hanya ta bar tabo. A 1896 da Turawa suka shiga Kumasi suka kama Sarki Prempeh na I, da kuma yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sojojin da Tonawa suka gani a gabansu masu magana da Hausa ne. Fataken da suka kafa zangon Kumasi kuma a bayan waɗannan sojoji suka shigo, bayan an shafe shekaru sarakunan Asante suna taƙaita shigar fataken arewa cikin babban birninsu. Don haka tun daga farko Batone ya ɗauki ɗan zango a matsayin wanda Bature ya kawo.

Daga nan sai leburanci. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, noman koko ya bunƙasa, ga ma'adinan zinariya a Obuwasi da Tarkwa. Dubban samari suka riƙa gangarowa daga arewacin ƙasar da kuma yankunan Faransa, musamman ƙasar Moshi, wasu don neman kuɗin aure, wasu don gudun haraji da aikin tilas. Baƙon da ya sauka a Kumasi ba shi da gona ba shi da dangi, zango zai nufa, wajen wani maigida ɗan ƙabilarsu. Turawa sun naɗa Bahaushe a matsayin sarkin zango, kamar Malam Salau, mutumin Katsina, wanda ya riƙe sarautar daga 1919 zuwa 1932, har kotu aka ba shi. A ƙarƙashinsa kowace ƙabila tana da nata shugaba, shi ma sarki ake ce masa. A Ankara, Malam Bako ya kafa Sabon Zango wajen 1912, Nima kuma ta faro ne a farkon shekarun 1930 a filin da aka ba wani Bafulatani mai cinikin shanu, Malam Futa.

2.4 Zaman Yau da Kullum

A nan ne ainihin amsar tambayar take. Lebura Moshi da ya zo Kumasi yana da zaɓi biyu, ko ya koyi Twi, harshen masu gari, ko ya koyi Hausa. A gaskiya duka biyun yakan koya, amma kowanne da wurinsa. Twi na mai gonar kokon da yake wa aiki ne da mai sayen kayansa a kasuwa. Duk yadda ya iya shi ba zai zama Batone ba, domin Tonawa ta wajen uwa suke bin dangantaka da gado, wanda uwarsa ba tasu ba ce ba shi da gurbi a cikinsu. Ga kuma sunayen raini da ake kiran mutanen arewa da su, waɗanda suka samo asali tun zamanin bauta. Hausa kuwa ba ta tambayar uwar mutum. Ba harshen mai ƙasa ba ce, don haka Moshi ba ya jin ya rusuna wa Dagomba idan ya yi ta, shi ma Dagomba haka. Daɗin daɗawa tana tafe da Musulunci, wanda yawancin baƙin suka karɓa bayan sun zo birni. Malamin da zai koya wa mutum alwala da Hausa zai koya masa, tafsirin azumi da Hausa ake fassarawa, hidimomin rayuwa ma sunayen Hausa gare su a bakin kowa, wato suna da aure da addu'a.

Schildkrout (1978), wadda ta yi nazarin Moshi mazauna zangon Kumasi, ta gano cewa 'ya'yan da aka haifa a can Hausa ce harshensu na farko, da yawansu ma ba su iya harshen iyayensu sosai ba. Dalili a fili yake. Gidan haya ɗaya yakan tara ƙabilu biyar ko shida, tsakar gida ɗaya, madafa ɗaya. Mata sun yi ƙaranci a farkon zuwa, sai namiji ya auri wadda ya samu daga wata ƙabila, su zauna da Hausa a tsakaninsu. Yaro kuma a tsakar gida da lungu yake wuni. Kafin ya kai shekara goma sai a same shi da harsuna huɗu ko biyar: yana jin na mahaifinsa ko da ba ya mayarwa, yana wasa da Hausa, yana karanta Larabci a makarantar allo, yana talla da Twi ko Ga, in an sa shi boko kuma ga Ingilishi. Mata masu sana'a sukan fi maza ƙwarewa a harshen masu gari, saboda su ne kullum a kasuwa.

Amma duk da haka waɗannan yara ba su zama Hausawa ba. Wanda ubansa Moshi ne, Moshi yake, ko da bai iya gaisuwa da harshen Moshi ba, kuma wajen sarkin Moshi zai kai ƙara. A nan ne aka bambanta da labarin Agalawa. A Kano zama Bahaushe shiga cikin masu gari ne. A Kumasi kuwa Bahaushe shi ma baƙo ne, ƙabila ɗaya cikin ƙabilun zango, don haka ba wata riba ga wanda ya bar sunan kakansa ya ɗauki nasa. Harshen aka ɗauka aka bar sunan.

Harshen da aka koya ta wannan hanya dole ya sauya kama. Hausar Gana, wadda masana ke kira Gananci, ba ta bambanta jinsin namiji da na tamace, sai a ji an ce "mace ya zo" ko "rigan shi". Ana kuma mai da "ky" ta koma "c", "gy" ta koma "j", kamar "cau" a maimakon kyau, da "jara" a maimakon gyara. Bakano yakan yi wa wannan dariya, amma bai kamata a kira shi gurɓata ba, domin rashin bambanta jinsi akwai shi a Hausar wasu sassan Zazzau da Bauci, kuma ga wanda aka haifa a Nima wannan ita ce Hausar da ya sha a nono. Su ma harsunan ƙasar sun ara daga gare ta. Shinkafa da wake sunanta waakye a duk faɗin Gana, ga tuwon zafi da koko da ƙosai da fura. Matan da ke dako a kasuwannin Ankara ana kiran ɗayarsu kayayoo, wato "kaya" na Hausa da "yoo" na harshen Ga mai nufin mace. Shugabar mata a ƙungiya ko jam'iyya kuwa magajiya ce.

2.5 Harshen Baƙi

Da aka doshi samun mulkin kai, sai tambayar wane ne ɗan ƙasa ta taso, abin da ba a damu da shi ba a zamanin Turawa. Wasu shugabannin zangon Kumasi sun shiga jam'iyyar Musulmi wadda ta haɗa kai da masu adawa da Kwame Nkrumah. A 1957, shekarar da aka sami 'yanci, gwamnati ta kori biyu daga cikinsu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Nijeriya. Sun je kotu suna cewa a ƙasar aka haife su, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a fitar da su kafin a gama shari'ar.

Wanda ya fi wannan muni shi ne umurnin da gwamnatin Kofi Busia ta bayar a watan Nuwamba na 1969, cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban mutane suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Moshi da sauransu, suka karyar da gidaje da rumfuna. A cikinsu akwai waɗanda a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. A irin wannan yanayi, mutumin da ba shi da wani harshe na gida sai Hausa yana cikin tsaka mai wuya, domin ba shi da ƙauyen da zai nuna ya ce nan ne tushensa. Har ɗan arewacin Gana na asali, in dai a zango ya tashi, yakan sha tambaya. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, yawancinsu 'yan Gana, ba a ce wannan ya fi wancan kyau ba.

Matsayin harshen a hukumance ya kasance mai harshen damo. Gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa labarai da Hausa tare da Akan da Ewe da Ga da Nzema da Dagbani, domin an san tana kai saƙo inda sauran ba sa kaiwa. 'Yan siyasa ma sukan nemi mai jin ta idan za su shiga zango neman ƙuri'a. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya zama babban limamin ƙasar a 1993, da ita aka san shi yana wa'azi. A 2017 har ma'aikata aka kafa mai ɗauke da sunan zango don raya waɗannan unguwanni, kafin a rushe ta a 2021. Amma hukumar kula da harsunan Gana, wadda ta faro a 1951, ba ta sa Hausa cikin harsuna 11 da take wallafa littattafai da su ba, alhali akwai waɗanda ke cikin jerin da masu jin su ba su kai masu jin Hausa yawa ba. Hujjar ita ce ba harshen ƙasa ba ce. Sakamakon haka, yaron Nima da aka ce a fara koya masa karatu da harshen gida, Ga ko Twi za a koya masa. Ajamin da su Alhaji Umaru suka yi rubutu da shi ya ja baya, ƙa'idojin rubutun boko na Nijeriya da Nijar kuma ba su isa gare shi ba. Idan ya tashi rubuta Hausa a allon shago ko a saƙon waya, da ƙa'idar Ingilishi ko ta Twi yake rubuta ta, shi ya sa wake ya koma waakye, zango kuma ya koma zongo.